Sanyin da ya kashe mutum a labarin Jack London

Duk mai son ya ga yadda wuri da yanayi ke ɗaukar nauyin labari, ya nemi gajeren labarin Jack London ɗan Amurka mai suna To Build a Fire, wanda ya fito a 1908. Ba wani dogon abu ba ne fa, mutum ɗaya ne ko suna ba a ba shi ba, shi da karensa, suna tafiya a ƙasa a yankin Yukon na Kanada lokacin da ake rububin haƙar zinare, yana so ya isa sansanin abokansa da ƙarfe shida na yamma. Shi kenan labarin. Babu mugu babu ɗan fashi babu kishiya, sanyi ne kawai.

To amma wane irin sanyi? Shi a zatonsa digiri 50 ne ƙasa da sifiri a ma'aunin Faranhait, ashe 75 ne, kusan 59 kenan ƙasa da sifiri a Salshiyos, alhali firizar da ke daskarar da nama a gida 18 take ƙasa da sifiri. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai tsaya yana cewa "ana tsananin sanyi" ba. Mutumin ya tofa yawu, yawun ya yi ƙara a iska tun kafin ya taɓa ƙasa. Yana tauna taba, ruwan tabar ya daskare masa a gemu har bakin ya ƙi buɗuwa da ya zo cin abinci, abincin ma sai da ya cusa shi cikin riga yana manne da fatarsa. Ga gari tas babu gajimare ko ɗaya amma babu rana, tsakar rana ta yi mutum ba shi da inuwa. Tun daga nan jikinka zai ba ka wannan tafiyar ba ta alheri ba ce.

Kuma wallahi wurin nan bai tsane shi ba, nan ne saƙon yake a ganina. Babu guguwa babu tsawa, ko'ina shiru fari fat, ƙasar ba ta ma san da zamansa ba. Wani dattijo ya gargaɗe shi kar ya kuskura ya fita shi kaɗai in sanyi ya wuce 50, ya raina maganar, baƙo ne wannan ne hunturunsa na farko. Ƙafarsa ta burma cikin ruwan da ke ɓoye ƙarƙashin ƙanƙara, ya hura wuta a gindin bishiya yana ta jan ƙirare a jikinta, kawai ƙanƙarar da ke kan rassan ta zubo ta kashe wutar. Yatsu sun mutu, ya kunna ashana 70 a lokaci guda suna ƙona masa hannu, nan ma wutar ba ta tsaya ba. Duk abin da ya same shi wurin ne ya yi, shi kuma girman kai ya kai shi. Karen da bai san lamba ba ya fi shi sanin yau ba ranar fita ba ce, shi ne ya rayu.

Na so a ce marubutanmu na onlayin su duba wannan. Sai a yi shafi guda ana lissafa mana kujerun falo da labule da motocin da ke harabar gida, in ka ɗauke su duka ka mai da labarin ɗaki ɗaya babu abin da zai canza. Gwada cire sanyin nan ka gani ko akwai abin da zai rage.

London da kansa ya je yankin a 1897, ya sha wahala har da ciwo, don haka abin da ya gani ya rubuta. Ya ma taɓa fitar da labarin a 1902 a wata mujallar matasa, a can mutumin na da suna, babu kare, kuma ya tsira. Na 1908 da sanyin ya ci shi ne ake sa wa ɗalibai har yau.