Ranar 29 ga Yuni ta mutum biyu ce, a daina mantawa da Bulus

Duk shekara abu ɗaya ke damuna. Ranar bikin Waliyyi Bitrus da Waliyyi Bulus a cocin Katolika, sai mai wa'azi ya kama maganar dutse da mabuɗan Mulkin Sama ya yi ta yi, Bulus kuwa sai a ambace shi a ƙarshe kamar ɗan rakiya. Na san dalili: Linjilar ranar Matiyu 16:13-19 ce, inda Yesu ya kira Bitrus dutse ya kuma yi masa alkawarin mabuɗan, ta Bitrus ce tsantsa. Amma karatu na biyu, 2 Timoti 4, muryar Bulus ce yana jiran mutuwa. Me ya hana a taɓa shi?

Bitrus masunci ne daga Betsaida, ɗan'uwan Andarawus. Shi ya sa masunta da masu saƙar taru suka riƙe shi majiɓinci, maƙeran makulli kuma saboda mabuɗan nan. Bulus ɗan Tarsus ne, malami, mai ɗinkin tanti kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:3 ta nuna, don haka masu wa'azin bishara da marubuta suka ɗauke shi. Mutanen Malta ma nasu ne, domin a gaɓarsu jirginsa ya farfashe, maciji ya maƙale masa a hannu bai cuce shi ba. Birnin Roma kuwa duk biyun ya riƙe.

Abin da na fi so a faɗa wa jama'a shi ne mutanen nan sun taɓa samun saɓani mai zafi. A Antakiya Bitrus ya janye daga cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, Bulus ya tsawata masa ido da ido a gaban kowa. Yana nan a Galatiyawa 2:11-14. Ikilisiya ba ta goge wannan ba, kuma ta haɗa su rana guda. Majalisar cocin da ke fama da rikicin ƙabila tana buƙatar jin wannan fiye da komai.

A kula da kurakurai. Kada a ce wa 'yan katikisma, wato masu koyon addini, tabbas rana ɗaya aka kashe su. Abin da aka gada shi ne dukansu sun yi shahada a Roma zamanin Sarki Nero, tsakanin shekara ta 64 da 67: Bitrus a kan gicciye kai a ƙasa, Bulus da takobi saboda yana da 'yancin ɗan ƙasar Roma. Ranar 29 ga Yuni kuwa tsohon kundin Roma na shekara ta 354 ya danganta ta da shekara ta 258, ba da shekarar mutuwarsu ba. Sannan karatun jajibere, yammacin 28, daban yake: Ayyukan Manzanni 3, Galatiyawa 1, Yahaya 21. Masu karatu kan buɗe shafin farko, wato na jajibere, su karanta shi da safe, alhali na safe Ayyukan Manzanni 12 ne. Tufafin fada, wato limamin coci, ja ne, launin shahidai, kuma idan ranar ta faɗo Lahadi, kamar a 2025, karatun bikin ake bi, ba na Lahadin ba.

A ranar ce kuma Paparoma ke sa albarka a kan faliyum, wato ɗan gyalen nan na farin ulu mai gicciye shida baƙaƙe, na sababbin manyan bishop-bishop. Wanda kuke gani a kafaɗar babban bishop na Kaduna, Jos ko Abuja daga Roma ya fito, bayan ya kwana kusa da kabarin Bitrus.