Daɗin bugun ƙarfe daban, kaifin wuƙa daban

Jama'a akwai maganar da nake yawan ji a bakin samarinmu na unguwar Aboabo a Kumasi masu koyon ƙira don sha'awa, wai in dai ka sa zuciyarka a aikin ka ji daɗinsa to wuƙa ta yi kyau. Wallahi ba haka bane 'yan uwa. Daɗin gaskiya ne, ka je Suame Magazine, wato kasuwar kayan mota, ka sayo tsohon sifirin na mota, ka zuga gawayi ƙarfe ya yi ja kana bugu yana miƙewa, ni ma nan na fi so. Amma ingancin wuƙa a wajen horon ƙarfe yake, wato taurara shi da wuta bayan an gama bugu, inda kowa ke gaggawa saboda ba armashi.

Sai ka gasa ƙarfen har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 na Celsius kenan, ka ɗan ƙara masa wuta kaɗan sannan ka tsoma a mai, ba ruwa ba, don ruwa yakan tsaga sifirin. A nan ya yi tauri amma kamar gilas yake, dole ka sake ɗumama shi wajen digiri 200 har ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa, in ba haka ba ƙashi ɗaya bakin ya ɓare.

Ƙota mai ado da walƙiya duk ba laifi. Amma kafin ka sayar wa mutum wuƙar layya, ba mahauci ya yi yini ɗaya da ita, ka tambaye shi sau nawa ya wasa.