Motar lantarki: a fara da Adaidaita Sahu, magidanci ya ɗan dakata

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin duk mai mota a ƙasar nan ya dagule. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira dubu a gidajen mai da yawa na Arewa. Ma'aikata da dama sun jingine motocinsu, sai ranar Juma'a ko zuwa biki ake karkaɗe musu ƙura. Wannan ne ya sa zancen motar lantarki, wanda a da ake yi wa kallon hirar 'yan boko, ya shigo majalisun unguwa. Ra'ayina shi ne motar ta dace da zirga-zirgar cikin gari ƙwarai, amma ba magidanci mai mota ɗaya ne ya kamata ya fara saye ba. Masu motocin haya ne.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ya kawo maganar. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 na wuta a tafiyar kilomita 100. A farashin da aka sa wa 'yan rukunin Band A (masu layin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana) tun 2024, wato naira 200 da 'yan kai kowane yunit, tafiyar za ta tsaya a wajen naira 3,500. Ƙaramar motar fetur irin Corolla, a cunkoson gari da na'urar sanyi a kunne, da wuya ta sha ƙasa da lita 9 a wannan nisan. Ko a naira 900 aka sayi lita, an haura naira 8,000. Ga kuma abubuwan da mai lantarki ya rabu da su har abada: juyen baƙin mai, fulogi, salansa, fanbel da matsalar kafireta ko injekta. Birki ma ya fi daɗewa, domin injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. A takarda dai, babu gardama.

Nisa ma ba matsala ba ne a cikin gari. Wanda ke zaune a Hotoro yana aiki a Sharaɗa, ya kai yara makaranta, ya biya kasuwa da yamma, da kyar zai cika kilomita 50 a wuni. Wannan yunit 8 ne ko 9, abin da soket ɗin gida na yau da kullum zai mayar cikin awa huɗu. Motocin zamani kuwa suna yin kilomita 300 ko fiye a caji ɗaya, ma'ana sai a yi kwanaki ba a jona ba.

Amma awa huɗun nan daga ina? Lissafin da na yi a sama na wanda ke kan layin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana ne, kuma su ne 'yan tsiraru. Sauran jama'a sun san yadda ake yi: a kawo ƙarfe biyun dare, a ɗauke kafin asuba, wani lokacin ma ta zo ba ƙarfi, ko fanka ba ta iya juyawa. A Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da ɓata-gari suka farfasa, jihohi da yawa sun fi mako guda cikin duhu. Mai motar fetur ya sha tsada a lokacin, amma ya fita. Wanda zai ce ai akwai janareta, to ya sake lissafi. Ƙaramin janareta na gida ba ya ba da fiye da yunit 2 a kowace lita, don haka cajin tafiyar kilomita 100 zai ƙone lita 8 ko 9. An dawo gidan jiya ke nan, sai ƙarin hayaƙi da ƙara a tsakar gida.

Sola ce mafita ta gaskiya, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Faranti huɗu ko biyar masu ƙarfin wat 500 za su iya samar da wutar kilomita 50 a wuni. Sai dai akwai wani ƙulli da masu talla ba sa faɗa: lokacin da rana ke dukan rufin gidanka, motar tana wurin aiki; lokacin da ta dawo, rana ta faɗi. Dole sai an ƙara babban batir a gida da zai tara wutar, da inbata mai ƙarfi, kuma wannan wasu miliyoyin ne a kan kuɗin motar. Ɗan haya da ke ajiye mota a bakin layi ko a gidan mai na unguwa, shi kam ba a ma fara maganarsa ba.

Sannan motar magidanci a nan ba ta ofis kaɗai ba ce. Ita ce ta zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye ba shiri, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce ta tafiya gida da Sallah da yara da kaya har kan rufi. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, Kano zuwa Maiduguri ya kusa 600, kuma ba hanyoyi ba ne da mutum zai so ya tsaya yana cigiyar soket da magariba. Mai mota biyu zai iya ware ɗaya ta gari. Mai guda ɗaya yana bukatar wadda za ta yi duka.

Sai gyara. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, ta hannu ce ko ta Kwatano. Tsohuwar motar fetur, bakanike zai saurari ƙarar inji, ya duba hayaƙi, ya ce maka saya ko bari. Ta lantarki lafiyarta tana cikin batir, ido ba ya gani sai da na'ura, kuma batirin ne mafi tsada a jikinta. Zafi yana rage masa kwana, mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri ma'auni yana wuce 40 a watan Afrilu. In ya mutu, ba kaya ba ne da za a shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko. Kuma wutar da ke cikinsa ta kai bolt 400, tana kisa. Ba aikin da za a bar wa yaron rewaya ya koya a kai ba ne.

Masu kawo misalin Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, su tuna cewa can wutar ruwa ta wadata kuma gwamnati ta shafe shekaru tana yafe haraji. Habasha ta fi kusa da mu: ta hana shigo da motocin fetur da dizal na gida a 2024, amma tana da katafaren dam a kan kogin Nilu, kuma duk da haka masu motocin suna kuka da ƙarancin wurin caji da kayan gyara da zarar an bar Addis Ababa.

To wa motar lantarki ta dace da shi yau? Wanda ke yawo da yawa a ɗan ƙaramin fili. Direban Adaidaita Sahu yana zaga gari tun safe har dare, ba ya barin gari, kuma kaso mai tsoka na cinikinsa a gidan mai yake ƙarewa kafin ya cire balas ɗin mai keke. Duk kilomitar da ya yi da lantarki riba ce, kuma da yake yana yin da yawa, kuɗin sayen yana dawowa da wuri. Batirin Adaidaita Sahu na lantarki ƙarami ne, ana iya cirewa a sa wani cikin 'yan mintuna, kamar yadda ake musayar tukunyar gas. Kamfanin Spiro yana yin haka da babura a Benin da Togo, Ampersand kuma a Ruwanda. Tasha ɗaya mai rumfar sola tana cajin batura da rana tsaka, daidai lokacin da ake bukata, ta warware ƙullin da ya gagari mai gida.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar caji mai amfani da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, garin da ya daɗe cikin duhu bayan an tarwatsa turakun wuta a 2021, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas yana mayar da su na batir, daga baya gwamnatin Babagana Zulum ta zuba motocin haya na lantarki a gari. Abin lura shi ne a Maiduguri da na haya aka fara, ba da na alhazai ba.

Saboda haka in gwamnonin Arewa suna da kuɗin kashewa a wannan fanni, kada ya tafi wajen saya wa kwamishinoni manyan motocin lantarki da za a riƙa caji da janaretan gidan gwamnati. Ya tafi wajen rumfunan musayar batir a tashoshi da bakin kasuwanni, da rancen keke mai sauƙin biya ta hannun ƙungiyoyin direbobi, da horar da kanikawa a kwalejojin fasaha kan wuta mai ƙarfi. Magidanci kuma da ke da sola wadatacciya, da gareji, da wata motar ta tafiya, ya saya, amma sabuwa mai garanti a kan batir. In ta hannu ce, kada ya biya ko sisi sai an jona na'ura an nuna masa kashi nawa na ƙarfin batirin ya rage.