Ƙwai 200 a ɗaki ɗaya

Sanyin Janairu a Damagaram ya fi cin wanda ke kwana a saman bene mai daɓen tayil. Tsofaffin gidajen ƙasa na Birni suna riƙe ɗumin rana har tsakar dare, mu kuwa da muke biyan haya a gidan siminti, jaura ta taga take shigo mana ba sallama.

Uwargida ta ce mu sa kaskon gawayi kamar kowa. Na ƙi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum ya kwanta barci ya zarce. Ban da haka, ni ma'aikaci ne, akwai matsayi. Na hau kabu-kabu sai Kasuwar Dole, neman na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da kuran, wato wutar lantarki.

Mai shago ya jera mini uku. Ta farko mai tayoyi ce, da mai a cikinta, ƙarfin wutar da take sha wat 1500. Tana jinkirin ɗaukar zafi, amma tana daɗewa ba ta huce ba. Da ya faɗi kuɗinta sai da na nemi wurin zama. Ta biyu sanduna uku ne masu yin ja, kowace wat 400, abin da ke gabanta kaɗai take gasawa, bayanka kuwa Allah ya kyauta. Ta uku 'yar ƙarama ce ta roba mai fanka, ita ce mafi arha.

Na ce, "Wacce ce ba ta shan wuta?"

Ya ce, "Alhaji, wannan 'yar ƙaramar mana. Dubi jikinta, ina za ta zuba wutar?"

Hujjar ta shige ni. Kuma ya kira ni Alhaji.

Bayan isha'i na kunna ta. Kafin a jima na cire hular sanyi, na miƙe ƙafa, na ƙwala wa uwargida kira ta zo ta ga amfanin boko. Ashe daidai lokacin ta jona dutsen guga. Sai ji muka yi ƙas! Benen gaba ɗaya ya yi duhu, daga ɗakin maƙwabci aka saki salati, ana tsakiyar kallon ƙwallo. Mitarmu ɗaya ce mu gida huɗu, kuma kuɗin wuta da yawan ƙwan fitilar kowa ake raba shi.

Mai rabon wani dattijo ne, tsohon malamin lissafi. Ya shigo da tocila, ya juya na'urar ya karanta gindinta.

"Ɗana, wat 2000 aka rubuta nan. Ƙwan ɗakina wat 10 ne. Ƙwai 200 ke nan ka kunna. Haka zan rubuta maka?"

Na ce, "Baba, ai ba ta haske."

Bai ko yi murmushi ba. Ya ce in ta yi awa 5 a dare, mita za ta rubuta kilowat-awa 10, a wata 300. Na ce to gobe zan canjo mai man, na ji ita ce mai tattali. Ya girgiza kai. Duk na'urar da ke ɗumama ɗaki da zafin waya, in ji shi, gwargwadon wutar da ta ci take ba da zafi, mai tsada da mai arha duk ɗaya. Sauƙin kawai a samu mai kashe kanta in ɗaki ya yi ɗumi. Na'urar sanyaya ɗaki mai iya juyawa ta yi ɗumi ita ce ke ba da kamar ninki uku, don daga waje take jawo zafin. "Amma wannan sai ka yi shawara da albashinka. In kuran ɗin ne dole, bargon lantarki bai cika wuce wat 100 ba. Ɗumama jikinka, ka ƙyale bango."

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa da gefen taga, ta ciro bargon lefenta daga akwati. Mun yi barci har da munshari, ni dai na tabbata sauran zafin na'urata ne.

Mai shago ya ce ba a mayar da kaya. Ya nuna mini wani maɓalli da ke sa fankar ta hura iska zalla ba zafi, ya ce kaya biyu na saya da kuɗin ɗaya.

A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, surukina ya zo daga Mirya. Na shimfiɗa masa darduma, na saita masa fankar a fuska, na koma bakin ƙofa na sunkuyar da kai. Ban san autanmu ya murɗa maɓallin ba. Dattijo ya yi ta share gumi da bakin rawani, kunya ta hana shi magana, ni kuma ta hana ni ɗaga ido. Can ya yi gyaran murya.

"Malam, wannan fanka taka, daga gidan burodi ka sayo ta?"