A sa wa asibiti kwaɗo, ko a sauya mai riƙonsa?

Gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan Amurka, bara kotu ta karɓe shi daga hannun mai shi. Albashi ya yi ta makara, masu kawo abinci suka janye saboda bashi, har safar hannu sai da muka koma yi wa tattali. Hukumar lafiya ta jiha ta garzaya kotu, alƙali ya naɗa mai riƙon ƙwarya. Wata mata ce ta iso da safe riƙe da takardar kotu, ta karɓi makullan ofis da asusun banki. Tsohuwar ɗakin ƙarshe mai ciwon sukari ba ta ma san an yi juyin mulki a kanta ba, allurarta ta zo kan lokaci.

Ginin yana nan na mai shi, amma ko sisi ba zai taɓa ba. Kuɗin Medicaid, wato inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, hannun mai riƙon suke shiga, ta biya albashi da magani, ta kai wa alƙali rahoto. Ƙarshenta ko a gyara, ko a sayar, ko a sama wa kowane tsoho gado a wani wuri kafin a rufe ƙofa.

Ba a kanmu farau ba. A 2018 kamfanin Skyline, mai gidajen tsofaffi sama da 100 da yake juyawa daga wani ofis a saman shagon fiza a New Jersey, ya durƙushe. A Nebraska kaɗai gidaje 21 na jinya da wasu 10 na tallafa wa tsofaffi suka koma hannun mai riƙo. Gwamnati ma ba ta tsira ba: a 2005 alƙali Thelton Henderson ya yanke cewa a ƙwace kiwon lafiyar gidajen yarin Kalifoniya daga hannun jiha, bayan ya gano fursuna ɗaya na mutuwa duk kwana shida ko bakwai saboda sakaci.

Mu fa a gida? Kun fi ni sani. Jami'ai su zo da 'yan jarida, a liƙa takarda, a garƙame. Mai ƙarin ruwa a hannu a ce ya nemi gaba, gaban kuwa kemis ne. Shi kuma mai asibitin bayan 'yan watanni ya ɓulla a wata unguwa da sabon allo. Likitan bogi mai farka cikin mutane, wannan a rufe, a ɗaure. Amma asibitin da likitansa na gaske ne, lasisi ya ƙare ko tsafta ta gaza, wa aka hukunta da kwaɗon nan? Na san za a ce su suna da Medicaid, mu wa zai biya mai riƙon, kuma wasu gidajen Nebraskan ma daga baya rufe su aka yi. Haka ne. Sai dai an kwashe mutanen a tsanake.

Da nake yabon tsarin, wata abokiyar aikina ta ce ai ku a Afirka ba ku da irin wannan. Raina ya sosu. Na ce mata mu ba ma kai iyayenmu hannun baƙi balle kotu ta ƙwato su, tsohuwa tana ɗakinta jikoki na hawa gadonta. A nan akwai wanda tun da na fara aiki ban ga ɗansa ba, sai kati lokacin Kirsimeti. Wallahi gara gidanmu sau dubu.

To amma Hajiyarmu ƙanwata ce ke wanke ta, ni nan ina wanke iyayen wasu ina tura kuɗi. Asibitin da ake auna mata hawan jini ɗan ƙarami ne, likita ɗaya da janareta mai tari. Ranar da aka garƙame shi, sai an yi shatar mota zuwa birni, kuma Hajiya ba ta iya doguwar tafiya yanzu.