Yadda Layi Ɗaya Ya Cinye Mini Yini Guda

Na zauna da safe da niyyar rubuta ɗan ƙaramin gwaji ga wani sashe na manhajar intanet da muke ginawa da yaren kwamfuta na Java a kan Spring Boot 2.3, wato tsarin da ke harhaɗa sassan manhaja, aikin da na ƙiyasta ba zai wuce minti ashirin ba. Tsarin Spring shi ne ba kai za ka ƙera abin da sashenka yake dogaro da shi ba; alamar @Autowired kawai za ka ɗora, shi kuma ya nemo abin ya miƙo maka. Na ɗora alamar, na sa @SpringBootTest, alamar da ke cewa a tayar da Spring kafin gwaji, a saman fayil ɗin, na danna maɓalli. Gwajin ya ƙi tashi, ya ce sai na rubuta public a gabansa. Na rubuta ba tare da na tambayi kaina dalili ba, domin a lokacin ji nake wanda ya shekara bakwai a wannan sana'a ya wuce tsayawa kan ƙananan tambayoyi.

Da na sake dannawa, sai jan rubutu ya cika allo: NullPointerException. Ma'anarsa ita ce na miƙa hannu in karɓi abin da Spring ya yi alkawarin kawowa, sai na tarar wayam.

Laifi tudu ne, saboda haka na taka nawa na hango na Spring. Na zarge shi da rashin ganin sashen, na ƙara masa @ComponentScan, alamar da ke nuna masa inda zai nemo sassa. Na musanya @Mock na Mockito da @MockBean, alamomin da ke samar da sashen bogi don gwaji, na sake mayar da shi. Na gwada @WebMvcTest, alhali na san shi ɓangaren karɓar buƙatu kaɗai yake ɗorawa. Bayan azahar na kai matakin da hankali yake barin mutum, na goge babban fayil ɗin .m2 gaba ɗaya, wato ma'ajiyar Maven, manhajar da ke sauko mana da kayan aiki, na zauna ina kallonsa yana sake sauko da ɗaruruwan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ina gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. Na kashe kwamfutar na kunna har sau biyu. Jan rubutun ya dawo daram, ko harafi bai sauya ba.

Wani abu ya kamata ya farkar da ni tun farko. Spring idan zai tashi, sai ya zana tambarinsa a allo, ya ɗauki daƙiƙu yana zuba bayanai, kuma idan ya rasa abin da aka nema, yakan faɗi sunansa ƙarara. Gwajina kuwa cikin ƙiftawar ido yake faɗuwa, babu tambari babu bayani. Ni kuma har yabon saurin kwamfutata nake yi a zuci.

Dab da tashi, wata matashiya da ta fara aiki da mu wata biyu da suka wuce ta tsaya a bayana, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yallaɓai, don Allah ɗan koma can sama." Na koma saman fayil ɗin, wurin da tun safe ban leƙa ba. Ta nuna layi na uku da bakin biro: import org.junit.Test.

Wannan na JUnit 4 ne, wato tsohuwar sigar injin da ke gudanar da gwaje-gwajen Java. Alamar @SpringBootTest tana ɗauke da @ExtendWith, wadda JUnit 5 kaɗai yake ganewa, shi kuwa na 4 sai an ba shi @RunWith kafin ya kira Spring. Da yake sigarmu ta Spring Boot tana tafe da injinan biyu, na JUnit 4 da na 5, tsohon ne ya karɓi gwajin ya gudanar da shi shi kaɗai, shi ne ma ya nemi public ɗin nan da safe. Ashe Spring da na yini ina zagi ko gayyatarsa ba a yi ba.

Na gyara layin ya koma org.junit.jupiter.api.Test, tambarin ya bayyana, allo ya yi kore. Ta tambaye ni cikin ladabi ko tun yaushe nake fama da shi. Na gyara zama, na ce yanzun nan na fara dubawa, a daidai lokacin da idonta ya sauka a kan shafuka talatin da ɗaya da na buɗe ina neman amsa.