Ranar da na sayo wa Kawu rago

Ni dai tun ina yaro Allah ya yi ni da tsokana, kuma kwaikwayon murya shi ne sana'ata, daga Goggo har ladanin unguwarmu babu wanda ya tsira. Amma wanda na fi ƙwarewa a kai shi ne Kawu, yayan Ummata, mutumin da sai ya yi gyaran murya sau uku kafin ya ce "to jama'a".

Ana jibi babbar sallah ina cikin adaidaita sahu mun maƙale wajen Ƙofar Wambai, zafi ga hayaƙi, kawai shaiɗan ya raya min in yi wa taubashina saƙon murya a WhatsApp, wai Kawu ne yake cinikin rago. "Ehem, ehem, ehem, yaro wannan rago ne ko zakara ne ya yi ƙaho?" Har mai adaidaita sai da ya waiwayo yana dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma na tura.

Ashe a zauren dangi na tura. Kuma Kawu yana ciki. A ruɗe na je gogewa, maimakon in goge wa kowa sai na goge wa kaina ni kaɗai, wlh ji na yi kamar in sauka in bi motar Zariya.

Ranar sallah na je gaisuwa ana ta suyar nama, na durƙusa ina ta "ina wuni Kawu" da wata 'yar murya kamar ta marar lafiya. Ya yi gyaran murya sau uku cif, ya ce ɗan nan tashi ka sayo min ragon mu ji. Haka na miƙe gaban mata da yara na yi, gumi har cikin ido, shi ya fi kowa dariya ma.

Ina murna an wuce wurin sai taubashin nawa ya tashi ya karkace hula, ya hau sosa ƙeya: "ka gane ko? wlh ka gane ko? ranta min dubu biyu zuwa Juma'a". Nan fa na ɗaure fuska, na ce ni ba haka nake ba, ka gane ko... ban ƙarasa ba tsakar gida ta kaure, Goggo har da riƙe ciki, ni ma dariyar ta ƙwace min har na zauna kan turmi.

Da zan tafi Kawu ya zaro dubu biyu daga aljihun babbar riga ya miƙo min, ya ce "ehem, zuwa Juma'a".